Gwangwani Biyu a Teburin Orval

"Koma kan na ukun," in ji Orval Rustad. "Wanda ka ce yana awo da kansa. Kuma karanta a hankali, ba kora ake yi mana ba."

Merle Dvorak ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya juya shafin littafin kayan mafarauta da ake aiko wa tsohon duk shekara. Yana zaune a kan kujerar kicin da aka jawo falo, a gefen gadon asibitin da aka kafa wa maƙwabcin nasa a inda talabijin take a da.

"Sun ce ka zuba masa albarushi, ka danna lamba, shi zai tsiyayo daidai abin da ka nema. In ya gama ya yi ƙara."

"Ya yi ƙara!" Orval ya fara dariya, tari ya sarƙe shi, sai da ya dafe robar numfashin da ke hancinsa. "Shekara hamsin da ɗaya ina ɗura harsashina da hannuna, yau inji ne zai riƙa yi mini kuka kamar butar shayi. Na biyun fa?"

"Na murzawa ne irin naka. Sai dai lambobinsa manya ne."

"Wato na makafi."

"To na farkon."

"Wannan na yara ne. Kai za ka iya saye."

Merle yana da shekara sittin da shida, jikokinsa huɗu, amma a bakin Orval har yau yaro ne, domin Orval ne ya koya masa ɗura harsashi shekara talatin da suka wuce, kuma malami ba ya yarda almajirinsa ya girma. Kwana uku ke nan suna wannan zaɓe na ma'aunin albarushi, su karanta, su kushe, su koma farko. Dukansu biyun sun san ba wanda za a saya. In ma an saya, ba mai murza shi.

Kwana tara da suka wuce Merle ya tsinci tsohon a kwance a gindin matakalar ɗakin ƙasa, leɓɓansa sun yi shuɗi. An kai shi asibiti a birnin Billings, likitoci suka duba huhun, suka ce a mayar da shi gida ya huta, kowa kuma ya san fassarar wannan magana. Aka haɗa shi da injin numfashi mai doguwar roba, ƙafa hamsin cif. Robar tana kaiwa banɗaki, tana kaiwa kicin, tana kaiwa bakin ƙofar ɗakin ƙasa, a nan ta ƙare. Nas ɗin da ke zuwa duk safiya ta gargaɗe shi cewa iskar injin da albarushi ba sa zama wuri ɗaya. Ranar da ya dawo sai da ya lallaɓa ya tsaya a saman matakalar yana leƙen duhu, robar ta miƙe a bayansa kamar igiyar akuya. Tun daga ranar ƙafafun ma suka ƙi ɗaukarsa.

"Ajiye wannan shirmen," in ji Orval. "Sauka ka ɗauko mini baƙin littafina. Ka duba akwatin Twila ma, yana kan tebur. Ka ga ko na rufe shi."

Twila ita ce 'yarsa tilo, tana aiki a Billings. Shekara goma sha shida tana jefa sunanta a ƙuri'ar izinin farautar ragon dutse, sai bana ya fito, abin da mutum kan samu sau ɗaya a rayuwa in ya yi sa'a. Ciwon uban ya sa ta yi ta ɗagawa, ga shi ranar Lahadi za a rufe farautar. Orval ya rantse ba zai yafe mata ba in ta bar takardar ta mutu a aljihu. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu ba ta taɓa harba harsashin da ba nasa ba, kuma harsasai ashirin da ke cikin akwatin nan su ne aikinsa na ƙarshe, a ranar da ya faɗi ya gama su.

Merle ya kunna fitila ya sauka. Warin man bindiga da sanyin siminti suka tare shi. Komai na nan yadda ya san shi, injin matse harsashi a ɗaure a gefen tebur, sikeli a ƙarƙashin ƙyallensa, kwansunan harsashi na tagulla a jere cikin tsofaffin gwangwanayen kofi, kowanne da takardarsa. Ga koren akwatin roba, an rubuta TWILA a kai da rubutu mai karkarwa. Ya miƙa hannu zai ɗauki littafin, sai hannun ya tsaya.

Gwangwanin albarushi biyu ne a kan tebur, kuma duka a buɗe.

Duk wanda ya taɓa zama a wannan ɗaki ya sha dokokin Orval guda biyu har sun gundure shi. Kada ka harba harsashin da wani ya ɗura. Kada gwangwani biyu su haɗu a kan teburinka. Ya taɓa korar wani ɗan majalisar gari daga ɗakin nan saboda ta biyun, mutumin bai sake gaishe shi ba har ya mutu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Albarushin ƙaramar bindiga mai saurin ci ne, na doguwa kuma a hankali yake ci. In na farkon ya shiga harsashin doguwar bindiga, ƙarfen a fuskar mai harbi zai tarwatse.

Merle ya sunkuya ya leƙa kwalbar ma'aunin. A sama ƙwayoyin dogaye ne kamar gutsuren bakin fensir. A ƙasa, wajen da ake tsiyayowa, sun cakuɗe da wasu faffaɗa masu sheƙi. Nan take ya gane. Tsohon ya ɗura na ƙaramar bindiga, ya manta bai juye sauran ba, ya zuba na doguwa a kai.

Bai tsaya shawara da kansa ba. Ya rufe gwangwanayen ya mayar da su kan kanta, ya lulluɓe ma'aunin da ƙyalle, ya share teburin da tafin hannu. Da ya hau, ya zura koren akwatin a aljihun babbar rigarsa da ke rataye a kicin, sannan ya shiga falo da littafin.

Orval bai karɓi littafin ba. Idonsa na kan rufin ɗaki.

"Yaro."

"Na'am."

"Gwangwani nawa ka tarar a kan tebur?"

Injin numfashi yana ta huci a kusurwa. Sai yanzu Merle ya gane abin da ke hana mutumin nan barci, da abin da ya kai shi saman matakala ranar da ya dawo, da dalilin wannan zaɓen ma'auni da ba ya ƙarewa. Kwana tara yana kwance yana ƙoƙarin tuna abu ɗaya, ba ya iya sauka ya duba, girman kai kuma ya hana shi tambaya. Merle ya dubi wuyan da ya zama kamar na tsohon zakara, da hannayen da suka rame a kan bargo.

"Ɗaya," in ji shi.

"Ka tabbata?"

"Ɗaya ne, tsoho. Kai ne fa."

Orval ya saki wani dogon numfashi, fuskarsa ta warware. "Ai na sani. Gwada ka nake yi." Kafin Merle ya gama sa takalmi, tsohon ya yi barci, baki buɗe.

A garejinsa Merle ya sa harsashi ɗaya a cikin gudumar zare kai, wadda cikinta rami ne, ya buga ta a kan kututture har kan harsashin ya fita, ya juye albarushin a farin faranti. Yana fatan ya ga iri ɗaya. Iri biyu ya gani. Yana tsaye a kan farantin matarsa Jolene ta shigo kiransa cin abinci. Ita ma 'yar gidan mafarauta ce, ba ta buƙaci a yi mata bayani ba.

"Na wane ne?"

"Na Twila."

Ta dafe ƙirji. "Ka gaya masa?"

"Na ce masa ɗaya ne."

"Merle Dvorak! Shekara arba'in ban ji ka yi ƙaryar da ta kai yamma ba, sai a wannan za ka fara?"

"Da kin ga fuskarsa. Mutumin nan saura masa kwana nawa? In ce masa ya kusa cire wa 'yarsa kai, ya tafi da wannan?"

"To ya za ka yi?"

"In ɗura wasu. In mayar a akwatin."

"Da wane kaya? Kana da na irin bindigarta?"

Ba shi da su. Suna can ɗakin Orval, kuma akwai ragar ƙarfe a daɓen falon, inda ɗumi ke fitowa, wadda ke kai wa tsohon ko motsin ɓera daga ƙasa. Kantin da zai samu kayan kuwa yana Billings, ga dusar ƙanƙara ta rufe hanya tun tsakar rana.

"Ko da kana da su," in ji Jolene, "ka ba yarinya harsashinka da sunan ubanta? Abin da ya koya maka ke nan?"

"Gobe zan san dabara."

"Dabara. Zo ka ci, miyar ta huce."

Bai ci ba, ya dai juya cokali. Tausayi ne ya sa shi ƙaryar, kuma har zuciyarsa yana ganin ya kyauta. Abin da bai lissafa ba shi ne Twila, wadda ta gaji taurin kan ubanta kaf. Washegari da sassafe ta biyo bayan motar share hanya tun daga Billings, kafin ƙarfe tara a-kori-kurarta na ƙofar gida.

Lokacin da Merle ya tsallaka ya shiga, ya tarar da ita tana hawowa daga ɗakin ƙasa, tana goge hannu a wando. Doguwa ce, furfura ta fara yi mata a goshi. Ta rungume shi.

"Kawu Merle. An ce kai ne nas, kai ne kuku, kai ne mai karanta jarida."

"Kuma ni ne mai shan zagi."

Ta yi murmushi, ta wuce falo. "Baba, ban ga akwatin ba."

"Yana kan tebur. Kore, da sunanki."

"Babu komai a kan tebur. A share yake tas, ma'aunin ma a rufe."

"Buɗe idonki dai. Ashirin ne, na goge kowanne."

Ta sake sauka. Suna jin ta ta cikin raga tana jan aljihun tebur, tana ɗaga gwangwanaye. Merle yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu, gumi na bin bayansa duk da sanyin. Akwatin na can garejinsa a bayan wasu tayoyin mota. Ta dawo hannu wofi. Nas ɗin, wadda ke naɗe abin awon jini, ta yafito ta zuwa kicin, ta yi ƙasa da murya, amma gidan ƙarami ne.

"Haka yake faruwa in iska ta yi ƙaranci a jini. Sukan tuna abin da ba su yi ba. Kada ki musa masa, ki bi shi kawai."

Twila ta fito idonta ya yi ja. Ta zauna a bakin gado, ta kama hannun uban tana shafawa, ta yi magana da irin muryar da ake lallashin ɗan yaye.

"To, Baba, ka yi su. Na gode ƙwarai. Za mu gan su, ka ji? Kwanta abinka."

Orval ya fizge hannunsa. "Kada ki yi mini wannan muryar. Merle! Jiya na aike ka. Ka ga akwatin ko ba ka gani ba?"

Mutum uku suka zuba masa ido. In ya ce ya gani, za a tambaye shi ina yake, daga nan sai gwangwani biyu, a gaban 'yar, a gaban baƙuwa. In ya ce bai gani ba, ya tabbatar wa duniya tsohon ya zautu. Gaba kura, baya sayaki. Merle ya murɗe hular a hannunsa.

"Ni dai littafin na ɗauko," in ji shi. "Ban lura ba."

Orval ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga hannayensa biyu ya duba su, ciki da baya, kamar na aro ne. Ya juya fuska wajen bango.

Bai taɓa abincin rana ba. Jolene ta kawo miyar kaza da burodi, ko kallo bai yi ba. Ta wuce Merle a kicin, ta ajiye tukunyar da ƙarfin da ya fi magana. Wajen ƙarfe biyu Twila ta ce za ta je kantin gari ta sayo madara, kowa ya san kuka za ta je ta yi a mota. Merle ya zauna a kujerarsa, ya buɗe littafin kaya don ya sami abin riƙewa.

"Mu koma kan na ukun?"

"Bar shi." Muryar daga bango take fitowa. "Ina ganinsu, Merle. Ina ganin hannuna yana jera su, biyar-biyar, layi huɗu. Ina jin sanyin tagullar. In wannan ban yi shi ba, to me na yi? Ragon dutsen da kansa ke rataye a bangon can, ni na harbe shi ko saya na yi? Matata Inga fa? Shekara arba'in da huɗu na zauna da ita, ko ita ma iska ce ta yi ƙaranci?"

"Haba, tsoho."

"Ban ji tsoron mutuwa ba. Na rantse ban ji ba. Amma in tafi ban san wane ne ke tafiya ba, wannan kam ina jin tsoronsa."

Merle ya rufe littafin. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya ga garin kare mutum daga ciwo ɗaya ya jefa shi cikin wanda ya fi. Ya tashi, ya keta dusar da ta kai gwiwa, ya shiga gareji, ya dawo. Ya ɗora koren akwatin a kan bargo.

"Ka yi su. Ni na ɗauke." Ya koma kujerarsa. "Gwangwani biyu ne, Orval. Duka a buɗe."

Tsohon ya juyo a hankali. Ya ja akwatin, ya yi ta fama da murfin har ya buɗu, Merle bai taya shi ba. Ya bi layukan da yatsa, ya tsaya a gurbin da ba komai.

"Ka zare ɗaya."

"Na zare."

"Me ka gani?"

"A gauraye."

Orval ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ya bi gefen robar ya shige kunnensa. Merle ya mayar da kallonsa taga, inda dusa ta taru har rabin gilashi.

"To hankalina ɗaya," in ji tsohon can. "Da hankalina na kusa kashe 'yata." Ya ja iska da ƙyar. "Kai kuma maƙaryacin banza. Sau biyu."

"Sau biyu."

"Da ka bar ni na mutu ina taƙama, ko? Jaki." Ya lalubo hannun rigar Merle ya riƙe, riƙon ba ƙarfi. "Ɗauke akwatin da ka yi, shi ne abu ɗaya na hankali da ka yi a shekara talatin. In ta dawo, turo mini ita. Kai ma ka tsaya, ba inda za ka."

Da Twila ta dawo, ya gaya mata da bakinsa, kalma uku ya huta, kalma uku ya huta. Bai rage komai ba, bai kuma ɗora wa ciwo laifin ba. Twila ta dubi akwatin, ta dubi Merle, ta sa hannu ta taɓa kuncinta na dama, inda take jingina bindiga, da alama ba ta san ta yi ba.

"Baba, ai ba abin da ya faru. A bar maganar. Zan ajiye su a gida don tunawa, ba zan taɓa harba su ba."

"Ke ba za ki harba ba. Ranar da kika mutu fa? Wani ya buɗe aljihun tebur, ya ga sunan Rustad a kai, ya ce ai na gwani ne." Ya girgiza kai. "Ko ɗaya ba zai kwana ba. Ku sauka ku zare su. Yanzu. Ina ji daga nan."

"Ba zan bar ka ba, yau na zo."

"Jolene za ta zauna. Ita ba ta yi mini muryar jarirai."

Suka sauka. Merle ya nuna mata yadda ake sa harsashi a gudumar, ta ce masa tun kafin ya koya ta iya. Ta durƙusa a kan siminti, ta ɗaga, ta buga a kan katako. Uban ya matse su da kyau, kowanne sai an yi masa bugu shida ko bakwai kafin kan ya saki. In ya saki, ta juye albarushin a tsohon kwanon tangaran, Merle ya karɓi kwanson ya jera. Wasu sun fito kusan iri ɗaya, wasu rabi da rabi. Na takwas ya fito kusan duka mai sheƙin ne. Twila ta daɗe tana kallon wannan, sannan ta share hanci da bayan hannu ta ɗauki na tara.

Duk lokacin da kai ya saki, sai su ji muryar Jolene ta cikin raga tana maimaita abin da tsohon ya raɗa mata. Tara. Goma. A na goma sha huɗu hannun Twila ya gaji, Merle ya miƙa nasa.

"A'a," in ji ta. "Nawa ne."

Da suka hau, hasken rana ya fara ja a kan dusa. Orval yana jingine da matashi uku, ya fi ɗazu shuɗi, amma idonsa a buɗe tar.

"Goma sha tara," in ji shi. "Da na jakin nan, ashirin."

"Ashirin, Baba."

"Gobe ki tsaya a kantin Billings. Ki sayi na kamfani, kwali biyu. Ki gwada su kafin ki hau dutse."

Jolene ta dubi mijinta. Shekara hamsin mutumin nan yana cewa harsashin kanti na masu harbin gwangwani ne a bayan gida, ya taɓa barin farauta ya dawo gida don kada ya ari guda ɗaya.

"Na kamfani, Baba? Kai?"

"Inji ne ke auna musu. Inji ba ya mantuwa." Ya ɗan murmusa. "Kada dai ki gaya wa kowa ni na ce."

"Ba inda za ni. Rago ya sha zamansa."

"Shekara goma sha shida, Twila."

"Kai kuma shekara arba'in da biyar nake da kai. Yi shiru ka sha miya."

Ya sha cokali uku, ya ce gishiri ya yi yawa, Jolene ta ce bakinsa ne ya lalace. Merle ya tafi gida ba tare da an sake ce masa jaki ba, abin ya dame shi.

Da safe, wajen ƙarfe bakwai da rabi, yana share dusar ƙofar gidansa ya ga Twila ta fito baranda ba riga mai kauri, ta tsaya kawai. Ya jingine shebur ya tsallaka. Ta ce ta je kicin ɗora kofi, ta dawo ta tarar rai ya yi halinsa. A falo injin numfashi yana ta hucinsa, ba wanda ya tuna da shi. Merle ya zare robar daga hancin abokinsa a hankali, ya naɗe ta a hannu tun daga bakin gado har gindin injin, sannan ya kashe shi.

Motar masu ɗaukar gawa ba ta iso ba sai bayan azahar, saboda hanya. Da ta tafi, mutanen coci suka fara shigowa da tukwane, gidan ya cika da takalma masu jiƙa da maganganun da aka saba. Wani daga ƙungiyar maharba ya riƙe hannun Merle yana cewa a duk gundumar nan ba a taɓa yin mai tsantseni kamar Orval ba, shekara hamsin ko kuskure ɗaya. Merle ya ce haka ne, ya zare hannunsa ya fita ta ƙofar baya don ya sha iska.

Twila na can a lambun bayan gida, dusa har gwiwarta, kwanon tangaran a hannu. Albarushin da ba a yarda da shi ba a lambu ake watsa shi, ƙasa ta ci. Tana ɗiba da yatsu tana warwatsawa a kan kunyoyin da ba a ganinsu, baƙaƙen ƙwayoyi suna sauka a kan fari. A-kori-kurarta na tsaye a bakin titi, dusa ta rufe gilashin, ba ta share ba.

Ba ta juyo ba, amma ta san shi ne.

"Ka ga yadda ya goge su kuwa, Kawu Merle? Kowanne sai ƙyalli."

"Na gani."

Ta kife kwanon, ta bubbuga gindinsa da tafin hannu har ƙwayar ƙarshe ta faɗo. Suka tsaya nan su biyu, dusa ta soma sauka a hankali tana rufe baƙin.